Yadda Na Zama Ɓarauniyar Raƙumi

Ku ƴaƴana kun sha jin ana kirana Ɓarauniyar Raƙumi a kasuwar Belbeji, jikokina kuwa cikin sunan suka buɗe ido. Ramatu ta taɓa yaga wa wata kallabi a bakin famfo saboda shi. Salisu har yau in an faɗa a gabansa sai ya sunkuyar da kai kamar shi ya riƙe mini akala. To ku ɗaga kanku. Ban taɓa satar ko ƙwan zabo ba. Sunan nan ba laƙaba mini aka yi ba, ni na ɗora wa kaina da bakina, kuma da za a maido ni waccan shekarar haka zan sake yi. Abin da ba zan sake ba shi ne kuskuren da ya jawo shi. Shi nake so ku ji daga hannuna, kafin in mutu wani ya ba ku labarin a karkace.

Na haura arba'in kafin in shiga makarantar yaƙi da jahilci. Ba wani dogon buri ya kai ni ba. Gajiya na yi da dangwala yatsa a takarda kamar mai ɗanɗana miya. Da safe in soya ƙosai, da la'asar in ɗauki kaye, littafin rubutuna, da bik, alƙalamina, in tafi rumfar karatu, mata suna dariya wai tsohuwar akuya za ta koyi rawa. Na koya. Amma da baki ya buɗe sai takaici ya kama ni, don littattafan da ake ba mu duk ɗaya ne: wanke hannu, dasa itace, yadda ake haɗa gishiri da sukari. Wata rana na ajiye littafin gaban malaminmu, Mushe Lawali, kamar yadda ake kiran malaman boko da Faransanci, wanda kuma shi ke magana a ɗan gidan rediyon garinmu.

"Mushe, shekara arba'in ina wanke hannuna ba littafi. Don wannan na bar kaskona?"

"To Inna Habsu, ki rubuto mana wanda ya fi shi."

Gatse ya yi mini. Bai san ni ba.

Kakanku, ubana, mai bin sawu ne. Duk Damargu, daga Tanut har kwarin Tarka, Maisawu ake ce masa, sunan yankansa ma an manta. In dabba ta ɓace shi ake ɗaukowa. Ya tsuguna ya dubi rairayi ya ce raƙuma ce, tana da ciki, wanda ya ja ta gurgu ne, a nan ya tsaya ya yi salla da gaggawa don ko goshinsa bai zauna ba. Ni kuwa tun ina yarinya ƙafata ba ta zama. Inna ta aike ni ɗebo ruwa, sai a gan ni bayan Baba ina leƙen ƙasa. To lokacin da nake karatun nan Ramatu tana lakwal, makarantar boko, a Damagaram, in ta zo hutu sai ta riƙa ba ni labarin littattafan Faransanci na masu binciken ɓarayi, wai mutum ya dubi tokar taba ya gane mai laifi. Na ce wannan ai Baba ne, sai dai shi bai taɓa sa hula mai baki ba. Daga nan na fara rubuta Gwaggo Tasalla.

Gwaggo Tasalla tsohuwa ce mai sayar da daddawa, ba ta da haƙori sai biyu, ba ta da tsoro ko ɗaya. Aljannu ke kawo mata ƙara. Dalili, in an yi wa aljani sata ya tafi wurin jandarmomi, sai a ce ya kawo katin ɗan ƙasa da hoto biyu, shi kuwa ba ya fita a hoto. Sai ya dawo gindin rumfar Gwaggo yana share hawaye. Akwai dodon rijiya da aka sace wa guga, ya kwana uku da ƙishirwa a cikin ruwa don shi ɗan babban gida ne, ba ya sha da baki kamar jaki. Akwai aljanar gawo da kullum ake ɗauke mata inuwa da tsakar rana. Gwaggo ta bi sawu, ta shinshina, ta zazzagi mai ƙara da wanda ake ƙara, ta kama ɓarawo, a biya ta da goro, kafin ta kai gida goron ya zama kashin awaki. Mushe Lawali ya karanta na farko a rumfa, mata suka yi ta faɗuwa kan juna. Sai ya ce bari ya gwada a rediyo. Kafin wata uku, duk jajibirin kasuwa da la'asar, in ka bi gari ba ka jin komai sai muryarsa tana fita daga kowane zaure. Samari suka riƙa ɗauka a waya suna tura wa juna, har bakin rijiyoyin da rediyon ba ya kaiwa.

Ubanku, Malam Issufu, bai taɓa son abin ba, amma bai taɓa barin a karanta ba ya kusa ba. Yana zaune kan kekensa na ɗinki, kunne a miƙe.

"Ke dai ki ci gaba da tsokanar mutanen ɓoye. Ranar da suka zo kansu, kada ki ce ni mijinki ne."

"In sun zo, Malam, ka auna su ka ɗinka musu wando. Ai tsirara suke yawo."

"A'uzu billahi! Matar nan, bakinki zai kai mu inda ƙafa ba ta dawowa."

Ya faɗi gaskiya, sai dai ba aljannu suka zo ba.

Yanzu bari in gaya muku wace ce Tima a wurina, don ku kun san ta ne kawai da tsohuwar Buzuwa mai kawo cuku, busasshen nonon nan nasu. Ubanta da ubana aminai ne. Duk shekara in mun gama girbi, garkensu ke shiga gonarmu, dabbobi su ci kara su bar mana taki, mu ba su hatsi su ba mu nono. Ba takarda, ba shaidu, tun kakanni haka ake yi. A gindin aduwar gonar nan ni da Tima muka yi wasan ɗiya, muka yi faɗa, ta fasa mini leɓe na cire mata kitso. Da na yi aure gonar gadona ta biyo ni, garken ma ya biyo ta. Duk ranar kasuwa kuwa a gefen kaskona take sauka. Ta shimfiɗa cukunta, ta roƙi gawayina, ta ɗora ƴar butarta ta shayi. Finjali uku muke sha, na fari mai ɗaci, na biyu dama-dama, na uku zaƙi zalla, kuma kafin na uku mun gama da mutuncin duk wanda ya wuce ta gabanmu. Haihuwata bakwai, ba wadda Tima ba ta zo da ɗan akuya ba.

Sai na rubuta labarin raƙumin aljani. Wani tsohon aljani ne, Ɗan Guguwa, da ya shekara dubu yana hawan guguwa har bayansa ya ƙage. Ya ce shi ya gaji da juyi, ya sayi raƙumi kamar kowa. Raƙumin kuwa ƙafa uku na raƙumi ne, ta huɗu ta kaza. Ya ɗaure shi a kasuwa ya shiga sayen taba, ya fito ba raƙumi. Labarin kashi biyu na yi shi. A ƙarshen kashi na fari Gwaggo ta bi sawun kazar har cikin wani garke, ta tarar da raƙumin an riga an yi masa lalas da ƙarfe mai zafi, an buga masa shaidar gidan da ya sace shi. Kun san kowane gidan makiyaya da shaidarsa a jikin dabba. Ni kuwa ina so mai sauraro ya ga abin da idonsa, don Baba bai taɓa cewa wata shaida ba, sai ya faɗi kamanninta. Na ɗaga bik na yi tunani kaɗan, sai ga ta ta zo mini da kanta: ƙafar tsuntsu a wuya ta hagu, da ɗigo biyu a ƙarƙashi. Na ji daɗi, na ce kai, Habsu, kin iya ƙirƙira. Wallahi, na rantse muku da wanda raina ke hannunsa, na ɗauka daga kaina ta fito. Ban tuna ba cewa ta zo da sauƙi ne don tun ina rarrafe nake ganinta a wuyan raƙuman da ke cin karan gonarmu. Shaidar gidan su Tima ce. Ɗiyar wani ta yi wannan kuskure a yafe mata. Ni ɗiyar Maisawu ce, mutumin da ya sha gaya mini cewa shaida ba zane ba ce, suna ce.

Aka karanta ran jajibiri. Kashegari na kafa kasko, na ware gawayin Tima gefe guda. Hantsi ya yi, ba ta zo ba. Azahar ta yi, ba ta zo ba. Ina juya ƙosai ina leƙen hanya har na ƙona kasko biyu. Da la'asar ubanku ya dawo daga wajen kasuwar dabbobi, ya tsaya kaina bai ko yi sallama ba.

"Kin san shaidar wa kika sa wa ɓarawonki?"

"Ta ƙarya ce, Malam. Ni na ƙaga ta."

"Ƙafar tsuntsu da ɗigo biyu. Rufe idonki ki duba."

Na rufe. Sai ga wuyan raƙumar Tima, mai farin goshin nan, a gabana. Matsamin ƙosai ya faɗi daga hannuna.

Ubanku ya ce Aghali, babban ɗan Tima, ya kawo raƙuma biyu sayarwa. Tun daga bakin kasuwa dillalai suka fara: a ɗaga ƙafar baya a gani ko ta kaza ce. Wani ya ce shi ba ya sayen abin da mai shi zai zo cikin guguwa ya karɓa. Ana ta dariya. Aghali ya ja rawaninsa ya rufe har ido, ya juya da raƙumansa, ya tarar da uwarsa a hanya tana tafe da cuku, ya maida ta. Da a wasa abin ya tsaya da sauƙi. Amma a shekarar an yi ɓatan raƙuma da gaske a kwarin Tarka, mutane zuciyarsu a sama take. Sai aka fara cewa ai ɗiyar Maisawu ba ta faɗin shaida a banza, ta san wani abu ne ta naɗe shi cikin tatsuniya. Bayan kwana huɗu wani da ya rasa raƙumarsa ya tafi har rijiyar da su Tima ke shayarwa, shi da ƴan'uwansa biyu, suka bi garken ɗaya bayan ɗaya suna duba wuya da ƙafa, a gaban mata, a gaban surukai. Ba su sami komai ba. Amma an duba. Ku da kuka tashi a gari ba za ku san nauyin wannan ba. Gara a mari mutum a kasuwa.

Na ruga wurin Mushe Lawali. Ya ce abu mai sauƙi ne, a yi sanarwa. Aka yi, sau uku a rana: labarin Gwaggo Tasalla ƙage ne, shaidar da aka ambata ba ta nufin kowane gida. To wanda bai lura ba ma sai ya tambaya, wace shaida? Wane gida? Wanda ya lura kuwa ya ce kun gani, an taɓa wuri mai ciwo, shi ya sa ake shafa mai. Labarin kuma yana cikin wayoyi, yana yawo daga rijiya zuwa rijiya, ba mai iya kamo shi. Kwana goma ban zauna wuri ɗaya na ci tuwo ba. In shiga ɗaki in fito, in je bakin hanya in dawo, in ɗauki kaye in jefar. Ubanku ya ce in bari ƙura ta kwanta. Na ce ƙurar da ta kwanta kan mutum ai kabari ke nan. Ranar sha ɗaya na hau kabu-kabu har inda hanya ta ƙare, sauran na taka da ƙafa.

Na tarar da Tima a ƙofar bukkarta tana shanya cuku. Ta gan ni tun daga nesa, ba ta tashi ba. Ta amsa sallama, ta tambayi Malam, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunansu, kamar yadda ake yi wa baƙon da ba a sani ba sosai. Ta shimfiɗa mini tabarma. Ta hura wuta ta ɗora buta. Ba ta dube ni ba sai da ta miƙo mini finjalin fari.

"Tima, ban sani ba. Wallahi ban sani ba."

"Na san ba ki sani ba. Da kin sani da ba ki sami tabarma ba."

"Ƙarya ce fa duka. Raƙumi mai ƙafar kaza! Wane mai hankali..."

"Ƙaryarki ce, Habsu, amma a wuyan raƙuminmu kika ɗaure ta. Ubana ya mutu ba wanda ya taɓa ɗaga ƙafar dabbarsa. Ni aka yi wa, ina tsaye da guga a hannu."

Na ce ai saura kashi na biyu, zan juya labarin. Zan ce wani baƙo ne daga nesa ya saci raƙumin ya buga shaidar ƙarya, ko in ce wani aljanin ne. Ta yi ƴar dariyar nan tata ta hanci.

"Wane baƙo? Wanda ba shi da uwa, ba shi da rijiya? Ke da kike zaune a kasuwa ba ki san mutane ba? Sun sami ɓarawo mai fuska, mai zuwa cin kasuwa, wanda za su nuna da baki in ya wuce. Ba za su sake shi su kama iska ba."

Na shanye finjalin, ɗacinsa har ƙeya. Na miƙa mata ina jiran na biyu. Sai ta ɗauki butar ta juye ganyen a ƙasa, ta ɗauraye ta, ta kife. Shekara arba'in da wani abu, ban taɓa tashi daga gaban Tima da finjali ɗaya ba. Ta ce rana tana yi, hanya da nisa. Na tashi.

Maganarta ta bi ni har gida, ta bi ni bakin kasko. Ɓarawo mai fuska. Kwana biyu ina juya ta. Ranar na uku ina tsame ƙosai, na tsaya ina duban matsamin da ke hannuna, wutsiyarsa ta ƙarfe ta yi baƙi da wuta. Na dubi ƙafata ta hagu, wadda nake ja tun faɗuwar da na yi daga amalanke, da takalmina da na ɗaure da waya, wanda duk Belbeji an san shi. Na bar wa maƙwabciya kaskon na shiga ɗaki. Kafin la'asar na gama kashi na biyu. Na karanta wa ubanku. Ya tsayar da keke.

"Ke kin haukace? Sunanki? Da sunan ubanki?"

"In ban sa sunan Baba ba, ba za a yarda ɓarauniyar ta iya ɓad da sawu ba."

"Kina da ɗiya da ba ta yi aure ba. Kina da ƴan'uwa. Ki sa wata mai ƙosai can, ki ba ta wani suna."

"Mai ƙosai nawa ke jan ƙafa a garin nan, Malam? In na ɓoye suna, za a ce tsoro na ji. In ba ni ba ce sosai, to Aghali ne har yanzu."

Ya ci gaba da taka kekensa. Sannan ya ce shi dai bai ji ba bai gani ba, amma in zan tafi in sa zanen kirki.

Mushe Lawali ya karanta takardar a tsaye, ya maido mini.

"Inna, bakina ba zai kira ki ɓarauniya duk Damargu na ji ba. Gobe da wane ido zan dubi Salisu?"

"To matsa. Nuna mini inda ake sa baki."

Ban taɓa karatu gaban abin magana ba. Ɗakin ƙarami, zafi kamar tanda. Na yi tuntuɓe a layin fari sau biyu, ni da rubutuna. Sai na tuna Tima tsaye da guga, murya ta daidaita. Ga abin da na karanta, har yau yana kaina:

"Gwaggo Tasalla ta kama wuyan raƙumi ta shinshina shaidar. Ta ce, Ɗan Guguwa, zo ka ji. Aljani ya shinshina ya ce, ni yunwa ma na ji. Gwaggo ta ce, yawwa. Masu wannan shaida sun shekara ɗari suna lalas, ba su taɓa yin wanda ke ƙamshin man gyaɗa ba. Dubi tururuwa na bin wuyansa. Dubi ƙafar tsuntsun a karkace kamar tsuntsun ya sha giya. Wannan ba hannun makiyayi ba ne. Da wutsiyar matsamin ƙosai aka yi shi, aka tura raƙumin cikin garken bayin Allah don laifi ya hau kansu. Sai ta tsuguna ta dubi ƙasa. Ta ce, ɓarauniyar da baya da baya ta tafi don ta ruɗe ni, wannan dabara kuwa sai wadda ta tashi gidan mai bin sawu. Tana jan ƙafar hagu. Takalminta ɗaure da waya. Kai, wannan ko makaho ya san ta. Habsu ce ɗiyar Maisawu, mai ƙosan bakin kasuwa, wadda ta koyi karatu da tsufa kanta ya kumbura!"

Na ƙarasa da yadda Gwaggo ta tarar da ni ina ƙoƙarin ɓoye wani raƙumin kuma bayan kasko, da hukuncin da aljani ya yanke mini: in yi ta soya masa ƙosai shekara dubu, yana biya da goron nan nasu.

Kafin in iso gida yara sun riga ni. Kashegari a kasuwa ban taɓa sayar da ƙosai kamar ranar ba, kowa so yake ya zo ya dubi takalmina. Dillalan nan da suka tsokani Aghali su suka fara zuwa, wai a nuna musu matsamin. Wani ya ce a ɗaure raƙuma da kyau, ga ta nan ta fito. Na zage su tas, suka ji daɗi. Tima ta san mutane. An ba su ɓarauniya mai fuska, mai zama wuri ɗaya, mai rama zagi, suka saki wanda ba ya tanka musu. Da Aghali ya sake kawo raƙuma bayan wata guda, abin da aka ce masa kawai shi ne ya yi hankali da mai ƙosai.

Amma ba kowa ya yi dariya ba. Kawunku Garba, yayana, ya zo daga Tanut takanas. Bai shiga gida ba, a zaure ya tsaya.

"Mutumin da ya ƙare ransa yana kama ɓarayi, ke kika sa sunansa a bakin ƴan kasuwa, wai gidansa aka koyi ɓad da sawu."

"Yaya, wasa ne, kowa ya sani."

"Wancan ma ai wasa ne. Me ya kai ki jeji ba da haƙuri?"

Gaskiyarsa. Sunan Baba ba nawa ba ne ni kaɗai, kamar yadda shaidar nan ba tawa ba ce. Na fari na ɗauka ban sani ba, na biyu na ɗauka ina sane. Na auna ne na ga Baba yana kabari, mutuncinsa ya riga ya bushe ba mai iya kwaɓa shi, Tima kuwa tana raye tana zuwa rijiya. Yaya bai auna haka ba. Abin da ya hana shi zuwa bikin Ramatu ke nan, ba ciwon ƙafa ba kamar yadda muka gaya muku. Ya rasu muna gaisawa, amma bai sake cin tuwona ba. Kada ku riƙe shi da wannan. Ku riƙa zuwa wurin ƴaƴansa.

Tima kuwa shiru. Na san ta ji, don ba bukkar da labarin bai shiga ba. Duk ranar kasuwa in ware gawayinta, da yamma in maida shi buhu. Aghali in ya wuce ya ɗaga mini hannu daga nesa, shi ke nan. Damina ta zo ta wuce. Ban rubuta ko layi ɗaya ba, Gwaggo Tasalla ta yi zaune, Mushe yana aike ina korar ɗan aiken. Muka yi girbi, muka ɗaure hatsi, kara ya rage tsaye a gona. Wasu Fulani suka zo wurin ubanku sau biyu suna neman ya bar su su shiga. Ya ce mini kara zai lalace, gona na son taki, kuma ba a jiran wanda bai ce zai zo ba. Na ce gonar gadona ce, ko gara za ta cinye karan ba mai shiga. Kullum da hantsi in na sauke kasko sai in kama hanyar gona, in zaga ta, in dawo. Ubanku ya ce na mayar da kaina jakar da ke jan guga a rijiya, tafi dawo, tafi dawo.

Ranar da na daina ƙirga kwana, tun kafin in kai kan iyaka na ga ƙasa ta canza. Na tsuguna kamar yadda Baba ke yi. Raƙuma, sun fi ashirin, sun shigo ta arewa da sassafe. Awaki a bayansu. A gefe kuma sawun jaki, da inda mai shi ta sauka, takalmi mai faɗi, taku gajere, dunduniyar dama ta fi nutsewa. Sawun nan ko cikin dubu na san shi. Na tashi na bi shi, ina jan ƙafata.

Tana zaune gindin aduwa, ta kafa duwatsu uku, ƴar butar tana gefe, finjali biyu a kife kan faranti. Ba ta tashi ba, ba ta yi murmushi ba. Ta dube ni daga kallabi har takalmin nan mai waya.

"Ɓarauniya," ta ce, "kin zo da gawayi, ko shi ma sai na ɗaure raƙumana na je na nemo? Zauna. Finjali ɗaya kika sha rannan, saura biyu."